Rasuwar Malam Rumbu, Wanda Aka Ce Ba Ya Mutuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu mai kama da haushi wanda har yanzu ban samo masa suna mai ladabi ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kujerar shagonmu aka ce masa ya ɗan ɗaga haɓa, cewa Malam Rumbu ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakin baya na shagon hoton mahaifina, tsakanin injin wanke hoto da bokitin goge ƙasa, yana da shekara shida da wata huɗu a duniya. Wanda ya haɗa mana shi ya rantse mana cewa ba ya mutuwa. Muna roƙon jama'a su yi wa mamacin uzuri, da alama shi ba a gaya masa ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, baƙin akwati ne wanda bai fi kwalin takalmi biyu girma ba. A cikinsa akwai faifan ajiya huɗu, 'yan uwan juna, rana ɗaya aka sayo su a shago ɗaya: Babba, Mabiyi, Na Uku da Auta. Irin zaman da suke yi masana na kiransa RAID, kuma ba wani ƙarfe na musamman ke riƙe da su ba, manhaja ce kawai ta ƙulla musu zumunci. Duk abin da ka ba shi ajiya, sai ya yayyanka shi ya raba wa 'yan uwan, kowa ya riƙe rabonsa ya kuma riƙe ɗan abin tunawa da na sauran. In ɗaya ya faɗi, ukun su haɗa kai su tuno abin da ke hannunsa. In biyu suka faɗi kuwa, to wannan ɓangaren bayanin ne aka manta ba a yi mana ba.

Wanda ya manta ɗin shi ne mijin ƙanwata, wanda duk dangi ke kira Injiniya. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, rimot ya taɓa gyarawa a gaban surukai. Ranar da ya kawo marigayin, ya dafa shi kamar mai tallan rago ya ce min, "Yaya, daga yau kin gama da ɓatan abu. Wannan ko wuta ta tashi sai dai shagon ya ƙone ya bar shi." Na yarda. Ina so a rubuta wannan a gaban shaidu, tun kafin wani ya rubuta min: ni, da hankalina, da shekaruna, na yarda.

Marigayin mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa don ya mutu ba. Mai haƙuri ne da zafi, mai haƙuri da ƙura, mai haƙuri da wutar lantarkin da ke zuwa ta koma kamar mai neman wani a gida. Bai taɓa neman hutu ba. Mai riƙe sirri ne ƙwarai: ya san fuskar kowace amarya kafin a gyara ta a kwamfuta, ya san angon da aka ƙara wa gashi da wanda aka rage wa tumbi, kuma bai taɓa buɗe baki ba. In yana cikin jin daɗi sai ka ji shi yana "hmmmm" a hankali, kamar dattijon da ya ƙoshi. In ka aike shi neman tsohon hoto, sai ya yi "ƙirr-ƙirr-ƙirr", ya miƙo maka shi ba tare da ya tambaye ka me za ka yi da shi ba.

Amma ba don hotunan mutane nake wannan sanarwa ba. Masu hotuna suna da fuskokinsu, su dawo a sake ɗauka. Abin da ke hannun marigayin wanda ba a sake ɗauka shi ne muryar Baba.

Duk wanda ya san mahaifina ya san mutum ne wanda magana ke bi bashin numfashi. Yana da wata tsohuwar rikoda da yake kunnawa yana aiki, yana ba da labarin kowane hoto, yana rera waƙa da muryar da ke korar kwastoma. Kafin wannan kuma, a shekara biyun da aiki ya kai shi nesa ina ƙarama, kaset yake cikawa da hira ya aiko wa Mama a maimakon wasiƙa. Kowane kaset da suna ɗaya yake buɗe shi, wani suna da yake kiranta da shi wanda ba wanda ya isa ya maimaita, ni ma ba zan rubuta shi a nan ba. Kaset sittin da uku, a jere a kan kantar da ke bayan kujerarsa. Shekara biyar da suka wuce na zauna na juye su ɗaya bayan ɗaya cikin Malam Rumbu, Baba na gefena yana gyara wa kansa labari.

Bara waccan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ya tashi, alhamdulillahi, amma hannun dama bai tashi ba, maganar ma ba ta tashi ba. Yana asibiti na shiga gyaran shago don keken guragunsa ya samu hanyar wucewa, ina ji da kaina wai ni 'yar albarka. Na kwashe tarkace buhu uku na kai bola. Kaset ɗin suna cikin buhu na biyu. Da ya dawo, ya daɗe yana kallon kantar nan, ni kuwa na durƙusa na ce masa, "Baba, kada ka damu, duk suna cikin Rumbu." Tun daga ranar ya sa aka juya masa kujera yadda zai riƙa hango ƙofar ɗakin baya.

Gidanmu a bayan shago yake, don haka kowace Asabar da safe Mama kan shigo, ta sa abin ji a kunne, in kunna mata a Rumbu kaset ɗaya daga cikin na wancan zamani. Ta zauna kusa da mijin da ba ya magana tana sauraron mijin da ba ya shiru. Sau nawa ta ce min, "Ke, ki sa min maganar babanku a wayata mana." Sau nawa na ce, "Mama, tana nan a Rumbu, ina za ta je?" Yau an ba ni amsa.

Game da jinya, likitar kwamfuta ta tabbatar mana daga baya cewa marigayin ya yi wata takwas yana ciwo. Wata takwas! Kuma bai ɓoye ba, bawan Allah. Ranar da Mabiyi ya faɗi, wata 'yar fitila a goshin akwatin ta koma ja, shi kuma ya fara kuka: "tiit... tiit... tiit", ba dare ba rana. Baba ne ya fara ji. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana nuna ɗakin baya, yana buga hannun kujera, yana fitar da wani sauti daga maƙogwaro, idanunsa kamar za su faɗo. Mu kuwa, masu baki da ilimi, muka taru muka fassara shi. Ƙanwata ta ce ƙarar ce ke damunsa. Na ce lallai, mara lafiya ba ya son hayaniya. Aka kira Injiniya, ya shiga ya fito cikin minti biyu yana karkaɗe hannu: ya kashe ƙarar. Jar fitilar kuma, da ya ga Baba bai daina nuna ta ba, ya yanki baƙin salatif ya manne mata ido.

Mutumin da ya yi shekara talatin a ɗakin wanke hoto, wanda ya san ma'anar jar fitila tun kafin a haifi Injiniya, shi muka lallasa muka ce ya kwantar da hankalinsa, an gyara. A shagon nan mutum biyu ne ba sa iya magana, kuma su kaɗai suka faɗi gaskiya. Ɗaya muka rufe masa baki, ɗaya muka ƙara masa matashi.

Haka 'yan uwa uku suka ci gaba da ɗaukar kayan mutum huɗu, mu muna ta loda musu. Sai da marigayin ya fara nawa, hoto ɗaya sai ka sha ruwa ka dawo bai buɗe ba, sannan Injiniya ya leƙa cikinsa ya fito da labari mai zafi: wai faifai ɗaya ya mutu. Ya faɗe shi da murmushi, don a cewarsa ranar da aka yi akwatin dominta ce ta zo. Ya zare Mabiyi ya miƙo min, ni kuma na yi masa abin da na saba yi wa duk abin da ya tsufa, na jefa shi a kwandon shara. Ya sa sabon faifai, ya ce ukun za su karanta masa duk abin da ɗan uwansu ya bari. Muka tsaya muna kallon lamba tana hawa. Ashirin cikin ɗari. Hamsin. Injiniya har ya fara ba kwastoma lacca.

A tamanin da uku Auta ya ce "ƙwas". Ya sake cewa "ƙwas... ƙwas... ƙwas", kamar ana taɓa ƙofa da farce. Daga nan bai sake cewa komai ba. Ashe faifan da aka haifa rana ɗaya, suka yi aiki ɗaya a zafi ɗaya, ba sa nisa da juna wajen tafiya. Wannan ma an manta ba a gaya mana ba.

Da a nan aka tsaya, likita ta ce da an ceto kusan komai. Amma Allah ya yi mana baiwar Injiniya. Ya zaro waya, ya kalli wani bidiyo rabi, ya ce ya gano, abin kawai a sake ƙulla zumuncin daga farko ne. Ya danna. Marigayin, cikin ladabinsa har a gargarar mutuwa, ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Ya sake tambayarsa. Ya ce ya tabbata mana. Yini guda akwatin yana rubuta sabon tsari a kan tsohon, muna jin "hmmmm" ɗinsa muna hamdala, ashe kabarinsa yake haƙawa da hannunsa. Da aka buɗe washegari, ga shi nan fes, ba ko ƙwayar hoto, kamar ranar da aka sayo shi. Injiniya ya ce, "To ai ya tashi."

Ranar Asabar Mama ta shigo da abin jinta a hannu. Na ce mata ana yi wa Rumbu gyara. Ta kalle ni, ta kalli Baba, ta naɗe wayar abin jin a yatsa a hankali ta koma cikin gida. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Muna miƙa godiya ta musamman ga likitar da ta karɓi gawar, wata mata mai gilashi da ke aikin ceto bayanai a saman bene, bayan layin masu gyaran waya. Ba ta da yawan magana. Ta jera faifan a kan tebur ta ce, "Wa ya taɓa shi bayan ya faɗi?"

Injiniya ya sami abin sha'awa a silin.

"Ya tambaye ka ko ka tabbata?"

"Ya tambaya."

"Sau nawa?"

"Biyu."

Ta cire gilashinta ta goge, ta mayar. Ban taɓa ganin an yi wa mutum wankin babban bargo da hankici ba sai ranar. Sannan ta yi mana bayanin abin da ya kamata a yi tun farko: a kashe akwatin, a cire hannu, a kwafe kowane faifai a kan wani sabo, duk wani gwaji a yi shi a kan kwafin. Kwana tara tana lallaɓa Auta yana ba ta abin da ke cikinsa kaɗan-kaɗan, yana suma tana jira ya farfaɗo. A rana ta tara ta kira ni ta ce ukun nan an yi musu rubutu a kai, abin da ya rage yankakke ne. "Amma kin ce huɗu ne. Ina wanda ya fara mutuwa? Shi an cire shi kafin a yi ɓarnar. Abin da ke cikinsa tsoho ne, kuma tsohon kike nema."

Na ce mata ina zuwa. Ban gaya mata cewa masu kwasar shara sun zo sau uku tun ranar ba.

Na dawo shago na kifar da kwandon duk da na san ba komai, na leƙa ƙarƙashin kanta, na janye injin wanke hoto, ina kuka ina zagin kaina da sunaye waɗanda ba su dace da sanarwar rasuwa ba. Sai na ji ana buga hannun kujera. Wannan karon na juya. Baba ya jawo tsohuwar jakar kyamararsa da ke rataye a jikin keken, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya yi ta fama da zif ɗin da hannu ɗaya, ban kuma isa in taya shi ba. Ya zaro wani abu naɗe a hankici. Mabiyi ne. Yadda aka yi mutum mai hannu ɗaya ya tura keke har bakin kwandon shara ya sunkuya ya ɗauko shi ba wanda ya gani, Allah kaɗai ya sani. Ya ɗora min shi a tafin hannu, ya yi min wani kallo da na gwammace mari a kansa.

Marigayin ya rasu ya bar masu rai kamar haka. Likita ta ce manyan fayil sun yayyanke, ƙanana ne suka tsira, waɗanda suka samu suka ɓuya a jikin faifai ɗaya. Don haka ya bar hotunan fasfo dubu goma sha ɗaya, na mutanen da ba mu sani ba, kowa ya ɗaure fuska kamar shi aka yi wa rasuwar. Ya bar rabin amare da yawa, wasu daga wuya zuwa sama, wasu daga wuya zuwa ƙasa. Ya bar hotunan Injiniya guda ɗari uku da ya ɗauki kansa da kansa a gaban labulen shago, ko ɗaya bai yi ƙwarzane ba, don a san cewa jarrabawa ba ta zuwa ita kaɗai. Daga kaset sittin da uku kuwa, ya bar gutsattsari: tari na daƙiƙa biyu, rabin dariya, wani wuri da Baba ke cewa "sai na ce mata" ba mu san wace ce ba, ba mu san me ya ce mata ba.

Sai fayil ɗaya cikakke, daga cikin Mabiyi, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Sunansa "gwaji". Na ma manta da shi. Ranar da za mu fara juye kaset ne na jona makirufo don in ga ko yana aiki, na ce Baba ya ce wani abu.

Na kunna shi a shago, Mama na zaune, Baba na gefenta, Injiniya na bakin ƙofa inda ya fi sauƙin gudu. Sai ga muryar nan ta cika ɗakin, garau, kamar bai taɓa yin shiru ba:

"Yana ɗauka? Ke Uwata, abin nan yana ji na kuwa? To. Ɗaya, biyu, ga ni nan. Wai kin ce akwatin nan ba ya mutuwa? Wa ya gaya miki, Injiniya?" Sai dariya, doguwa, har da tari. "To madalla. Ki zuba masa, ban hana ki ba. Amma kaset ɗina ki bar min su a inda suke, kin ji ko? Ba sa cin abincin kowa. Tsaya, ina mamanki? Bari ta zo ta ji yadda na koma saurayi a cikin inji."

Sai ya ɗaga murya ya kira ta da sunan nan. Sau ɗaya. Fayil ɗin ya ƙare.

Mama ta amsa. Wallahi ta amsa, "Na'am," kafin ta tuna, sannan ta rufe fuska da mayafi. Baba kuwa rabin fuskarsa mai motsi dariya take yi, kafaɗarsa na rawa, yana nuna ni da yatsa. Shekara ɗaya da rabi yana neman hanyar da zai gaya min wannan magana, sai da akwatin ya mutu ya samu.

Game da jana'iza, iyalan mamacin sun tsara kamar haka. Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar da safe a shago, daga buɗewa zuwa azahar. Injiniya ne zai ɗauko gawar daga wurin likita, shi kaɗai, a ƙafa, kuma an roƙe shi kada ya danna komai a hanya, ko da an tambaye shi sau biyu. Masu hotuna a wurinmu su zo da fuskokinsu. Masu zuwa da shawarar cewa ai da an ajiye kwafi a wani wuri, mun gode, su ajiye kwafin shawarar a wani wuri. Daƙiƙa arba'in da ɗayan nan yanzu tana wayar Mama, tana wayata, tana ta ƙanwata, tana wurin likita, tana kuma cikin wani sabon kaset da na sha yawo kafin na samo. Kada kowa ya wahalar da kansa wajen yi min faɗa. An riga an yi min da muryar da ta fi taku, kuma Mama na kunna ta kowace safiya, ina ji ta bango.

Ba za a binne marigayin ba, ba kuma za a kai shi bola ba. Na ɗauko buhu, Baba ya buga hannun kujera, na mayar da buhun. Ya nuna inda yake so a ajiye shi, shi da faifansa huɗu, a kuma ɓare masa salatif ɗin daga ido. Masu son yi masa kallon ƙarshe za su same shi a kantar da ke bayan kujerar Baba. Akwai wuri sosai a kan kantar. Ni na share ta.